Mujallar wasa: mu haɗa kuɗin shekara ko mu riƙa sayen ɗai-ɗai?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da magana kuma ina so kowa ya faɗi ra'ayinsa tsakani da Allah kafin a kai ga batun kuɗi. Kun san ni ke zama duk daren Juma'a ina haɗa labarin da za mu buga ranar Asabar a wasanmu na Dungeons & Dragons (D&D), wanda kowa ke riƙe jaruminsa a tebur ana jefa dayis ni kuma ina jan labarin, to gaskiya abin ya fara yi min yawa, ga ofis ga yara ga hidimar gida. Satin da ya wuce yayana ya dawo daga Ingila ya taho min da tsofaffin mujallun Dungeon guda tara da Dragon guda huɗu da ya tsinta a wani shagon gwanjo, wallahi na zauna da su har ƙarfe biyu na dare ban sani ba. Dungeon ɗin nan labari uku ne a shirye a kowace fitowa, da taswira da dodanni da lissafinsu duka, kai dai ka karanta ka zo tebur. Shi ne na ce me zai hana mu yi karo-karo mu biya kuɗin shekara na wata mujallar da ke fitowa yanzu ta riƙa zuwar mana duk wata. Wacce kuke gani, kuma ta takarda ko PDF?

abba_d20:
wslm yaya. to ai sai mu biya Dungeon din kawai tunda ita ta burge ka, meye na wahalar nema

Kawu Na Leeds:
Wa alaikumus salam. Abba ɗana, Dungeon ai ta daɗe da rasuwa, ita da yayarta Dragon. Bari in ba ku labarin don yana da alaƙa da abin da Baban Ilham ke son mu yi. Dragon ta fara fita ne a 1976 a hannun kamfanin TSR, shekara biyu bayan D&D kanta ta fito, Tim Kask ne editanta na farko. Dungeon ta biyo baya a 1986. Da TSR ta shiga matsalar kuɗi Wizards of the Coast suka saye ta a 1997, daga baya a 2002 suka ba wani sabon kamfani mai suna Paizo lasisin buga mujallun biyu. A watan Afrilun 2007 aka wayi gari da sanarwar cewa ba za a sabunta lasisin ba, a Satumba aka buga na ƙarshe, Dragon ta tsaya a lamba 359, Dungeon a 150. An mayar da su intanet ana biya a karanta, nan ma a ƙarshen 2013 aka rufe. Sai wata Dragon+ ta kyauta a waya daga 2015, ita ma ta tsaya a 2022. Waɗanda ke hannunka Baban Ilham, tunda ka ce labari uku-uku ne, na zamanin Paizo ne daga 2004 zuwa sama, lokacin suka tsara ɗaya na jarumai masu ƙananan mataki, ɗaya na tsakiya, ɗaya na manya. Ka riƙe su da kyau.

Maman Sultan:
To Kawu tambayata ɗaya, mutanen da suka riga suka biya kuɗin shekara ko shekara biyu fa a 2007 ɗin, ya aka yi da kuɗinsu? Don ni abin da ke tsaya min a rai kenan game da biyan kuɗi gaba, cinikin biri a sama ne.

Kawu Na Leeds:
Hajiya an ba su zaɓi. Wanda ke son kuɗinsa a mayar masa, wanda ke so a juya masa ragowar ta zama kuɗin sayayya a shagon Paizo ko tsofaffin fitowa, wanda kuma ya yarda a maye masa da wani sabon abu da suka fara bugawa duk wata a Agustan shekarar, Pathfinder. Da yawa sun zaɓi na ƙarshen, kuma daga nan ne Pathfinder ta taso har ta zama wasa mai zaman kanta a 2009. To a wannan karon dai mutane ba su yi asara ba. Amma fargabarki tana kan hanya, don ba kowane kamfani ke da ƙarfin yin haka ba. Kobold Quarterly ta Wolfgang Baur mujalla ce mai kyau sosai, ta fara a 2007 ta tsaya a 2012 bayan fitowa 23. Gygax Magazine da aka fara a 2013 da ɗoki da murna fitowa shida kawai ta yi.

Injiniya:
Ni fa tun kafin a je ga mutuwar mujalla akwai maganar isowarta. Na taɓa odar littafi ɗaya daga Amurka, kuɗin jigila ya fi kuɗin littafin, sannan ya yi wata biyu da kwanaki a hanya, da ya iso gefensa ya sha ruwa shafuka sun manne. Ban ma san wa zan kama ba, masu aikowa sun ce sun aiko, masu kawowa sun ce haka suka karɓa. Yanzu ku lissafa wannan sau goma sha biyu a shekara. Ga kuma katin naira da yau ya wuce gobe ya ƙi, ga dala da ba ta zama wuri ɗaya, abin da muka haɗa a Janairu ba lallai ya kai mu Yuni ba idan irin biyan wata-wata ne. PDF kawai, a tura a guruf kowa ya buɗe a wayarsa.

Maman Sultan:
Injiniya a tura a guruf kuma? Mutum ɗaya ya biya mutum goma sha ɗaya su karanta, wannan ba haƙƙin masu rubutun ba ne? Kawu yanzu ya gama lissafo mana mujallun da suka mutu.

Injiniya:
Anti ai ko ta takardar ce hannu-hannu za ta bi, wa zai sayi tasa shi kaɗai

Maman Sultan:
Da bambanci. Ta takarda guda ɗaya ce, idan tana gidanka ba ta gidana. Fayil kuwa da ka tura ya zama goma sha ɗaya, gobe wani ya tura wa abokinsa ya zama ɗari. Ni dai idan PDF ne ya tsaya a wajen mai jan wasa, dama bai kamata 'yan wasa su karanta labarin da za a buga musu ba, ina daɗin ka shiga kogo alhali ka san inda tarko yake.

Baban Ilham:
Wannan gaskiya ne Hajiya, ni ma ban so kowa ya karanta ba, musamman Abba 😄

abba_d20:
haba yaya sau daya ne fa kuma ban san shi zamu buga ba. ni shawarata White Dwarf, har yanzu tana fita duk wata kuma hotunan ciki wlh kamar ka lashe, na ga wani yana bude ta a YouTube

Kawu Na Leeds:
Abba White Dwarf tana nan da ranta, ina ganinta a shago duk wata, amma ba abin da za ta tsinana mana a teburinmu. Ta kamfanin Games Workshop ce, kuma abin da ke ciki Warhammer ne daga bango zuwa bango, sababbin 'yan gumakan roba da za a sayar, yadda ake musu fenti, rahoton yaƙin da aka buga da su. Ga mai wannan harkar abu ne mai kyau. Mu da muke zama da fensir da takarda da dayis ba namu ba ne. Abin da ke min ciwo shi ne da ba haka take ba. Lokacin da ta fara a 1977 mujallar irin wasanmu ce, akwai D&D a ciki, akwai RuneQuest da Traveller, daga baya Call of Cthulhu. Wajen ƙarshen shekarun 1980 suka juya ta ta koma kan kayan kamfaninsu kaɗai. Har yau idan ka zauna da dattawan wasan a nan Ingila sai sun tayar da wannan maganar.

Ummi Taswira:
Kawu to ai Dragon ma ta masu D&D ce, ba ita ma talla ba ce? Na duba ɗaya daga cikin na Yaya Baban Ilham ranar Lahadi da na je wajen Anti, shafi nawa na wuce duk tallan littattafai ne, sannan wani dogon rubutu a kan sabon littafin da zai fito. Ni idan zan ba da kuɗina ba na so in sayi talla.

Kawu Na Leeds:
Ummi ba ki yi ƙarya ba, kuma masu karatunta ma sun yi ta wannan ƙorafin a shafin wasiƙu shekara da shekaru. A farko tana taɓa wasannin wasu kamfanoni, daga baya ta zama ta D&D zalla. Amma akwai abin da ya raba ta da takardar talla, yawancin abin da ke ciki masu karatu ne ke rubutowa. Ed Greenwood ɗan Kanada ne ma'aikacin laburare, ya fara aika rubutu Dragon a 1979 yana saka sunayen garuruwa da mutanen wata duniya da ya ƙirƙira tun yana yaro, mutane suka yi ta tambaya wai ina ne nan, ƙarshe TSR ta sayi duniyar ta fitar da ita a 1987. Ita ce Forgotten Realms da muke buga wasa a cikinta yau. Haka White Dwarf ta da, tana da wani shafi da masu karatu ke aiko dodannin da suka ƙirƙira, aka tattara da yawansu a littafin Fiend Folio a 1981. Abba, githyanki ɗin nan da kake ta ba mu labari daga wasan bidiyon Baldur's Gate 3, wani matashi ne mai suna Charles Stross ya aika su wannan shafin, daga baya ya zama sanannen marubuci.

abba_d20:
kai kawu da gaske?? wato wani yaro ne kawai ya zauna a dakinsa ya rubuta ya aika. gsky wannan ya taba ni

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri yanzu na samu rezo. Ni ina da wadda zan kawo amma da Faransanci take. Casus Belli, tun 1980 aka fara ta a Faransa, ta mutu ta tashi har sau nawa, tun 2011 kamfanin Black Book ke fidda ta. Lokacin da nike karatu a Lyon abokin zamana yana da abonma, wato ya biya kuɗi tana zuwar masa, ni ke fara karantawa kamin shi. Abin da ya sa nike sonta, ba wasa guda take bi ba, za ka iske labarin da za ka buga na wasanni daban daban, da sharhi kan sababbin da suka fito, kuma tana da kauri kamar littafi. Har ƙaramin wasa cikakke suka taɓa sakawa a ciki, Chroniques Oubliées, mai sauƙin dokoki, da shi na koya ma ƙannena wasa a Zinder. In kun yarda ni in riƙa karantawa ina fassara muku labarin da ya dace.

Baban Ilham:
Malam mun gode amma ka ga an koma gidan jiya, ni ina neman abin da zai rage min aiki, yanzu kuma sai na jira ka fassara sannan in juya dokokin zuwa namu. Idan ranar Juma'a ba ka da rezo fa?

Ɗan Damagaram:
Gaskiya ne wannan. Amma ko na Dungeon ɗin da ke hannunka ai sai ka juya, na dokokin D&D bugu na 3.5 ne mu kuwa na 5 muke bugawa.

Baban Ilham:
Na gwada ɗaya jiya da daddare, bai kai yadda nake tsoro ba. Labarin da taswirar da mutanen gari duk suna nan yadda suke, dodannin kawai nake musanyawa da irinsu na littafinmu, sai lambobin da ake jefa dayis a kai in ɗan rage su don na 3.5 suna hawa sama sosai. Awa ɗaya da rabi na gama, alhali idan ni zan ƙirƙira daga farko sai in kwana uku ina abu ɗaya. Amma Dragon ɗin kam Ummi ta fi ni gaskiya, rabin abin da ke ciki sababbin dokoki ne na wancan bugun, ba su da amfani gare mu yanzu. Abin da na ji daɗinsa a ciki shi ne rubutun nan da suke ɗaukar dodo ɗaya su yi bayanin rayuwarsa, me yake ci, ina yake kwana, yaya yake haihuwa, me yake tsoro. Wannan ba ya tsufa ko wane bugu ake yi.

Maman Sultan:
Tunda ana maganar abin da ke ciki bari in faɗi nawa, kuma ina so a ɗauke shi da muhimmanci. Gidana ake wasan nan sau biyu a wata, Sultan shekararsa tara kuma duk abin da aka ajiye a falo sai ya buɗe. Wasu bangon mujallun nan na da, matan da ake zanawa kayan jikinsu ba abin da zan bari a kan tebur ba ne, ga kuma hotunan shaiɗanu. Kakarsu ta taɓa ganin littafin dodanni sai da na yi rabin awa ina bayanin cewa tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi ana yi da lissafi. Idan abu zai riƙa zuwa duk wata ba tare da na ga abin da ke ciki ba kafin ya iso, ni ban natsu ba. Wanda za mu saya ɗai-ɗai aƙalla muna ganin bangon mu karanta bayaninsa tukuna.

Kawu Na Leeds:
Hajiya ba ke kaɗai ba, iyaye a Amurka sun yi wannan faɗan sosai a shekarun 1980, har TSR ta cire kalmomin shaiɗanu daga bugu na 2 a 1989 ta sauya musu suna, kuma a cikin Dragon ɗin ne wani babban ma'aikacinsu ya yi rubutu yana bayanin dalili, masu karatu suka yi ta aiko wasiƙu wasu na goyon baya wasu na fushi. Zanen yanzu ya fi na da kamun kai nesa ba kusa ba. Amma batun ki ga abu kafin ya shigo gidanki, wannan haƙƙinki ne ba mai ja.

Ummi Taswira:
Ni kuma abin da ke damuna daban ne. Duk abin da na buɗe gidan sarauta ne irin na Turai da dusar ƙanƙara da mashaya, idan an tuna da mu sai a zana hamada da raƙumi da aljanin fitila shikenan. Ina ganuwa, ina kasuwar da fatake ke sauka, ina marina, ina fada da dogarai da 'yan kakaki. Rijiyar Kusugu kaɗai da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a ai labarin wasa ne a shirye, gari guda cikin ƙishi da baƙo da ya iso da dare. Shekara nawa za mu biya kafin mu ga irin wannan a mujallarsu?

Kawu Na Leeds:
Sun ɗan taɓa, ba yawa. A 1987 Dragon ta buga rubutun Charles Saunders, baƙar fata ne marubuci haifaffen Amurka, a kan dodannin tatsuniyoyin Afirka. A 1992 TSR ta fitar da Al-Qadim amma wannan ƙasar Larabawa ce ta tatsuniya. Sai Nyambe a 2002 daga wani kamfanin daban, ita kam Afirka ce gaba ɗayanta. Ki lura da abu ɗaya Ummi, duk wanda ya shiga ciki wani ne ya zauna ya rubuta ya aika. Taswirar birnin nan mai ƙofa bakwai da kika zana mana bara, na nuna wa mutanen da nake wasa da su a nan, sai da ɗaya ya ce in tambaye ki ko zai iya amfani da ita.

Ummi Taswira:
Kawu ba ka taɓa faɗa min ba! Ka ce masa ya yi amfani da ita, amma ya bar sunayen ƙofofin yadda na sa su kar ya juya su Turanci.

Injiniya:
To mu dawo kan kuɗi don dare na yi. Abin da na fahimta, Dungeon da Dragon babu, White Dwarf ba tamu ba ce, Casus Belli sai mai Faransanci. Saura me? Pathfinder ɗin suna ba da PDF kyauta ga wanda ya yi rajistar na takarda, amma sai mun biya jigila kuma wasa ne daban sai mun koyi dokoki daga farko, sannan dogayen labarai ne, mu da muke haɗuwa ranar Asabar kawai kafin mu gama ɗaya wasu sun taru.

Kawu Na Leeds:
Wannan matsalar taruwa gaskiya ce. Dogon labarin Savage Tide da aka yi a Dungeon daga lamba 139 zuwa 150 kashi goma sha biyu ne, an buga shi cikin shekara ɗaya, amma na san teburin da ya kai shekara uku bai ƙare shi ba. Baban Ilham, cikin taran nan naka cire na dogon labari, sauran nawa ne masu zaman kansu?

Baban Ilham:
Na ƙirga yanzu, goma sha tara ne masu zaman kansu, bakwai daga ciki na ƙananan mataki ne daidai da inda za mu fara. Kowanne zai ci zama biyu ko uku. Kai, ashe abin da ke cikin kwalin nan ma ya kusa kai mu shekara.

Maman Sultan:
To ka gani. A fara da su. Kuɗin da za a haɗa a ajiye a wajen Injiniya, idan wani ya ga fitowa guda mai kyau a PDF ya kawo nan mu duba bayaninta, in ta yi a saya wa mai jan wasa ita kaɗai.

abba_d20:
na yarda amma ni dai inaso a bani Dragon din guda daya in karanta, ba labarin da zaa buga a ciki ai. kuma inaso in gwada rubuta dodo daya nima, akwai wanda kakata take bamu labari mai zama a gindin tsamiya

Ɗan Damagaram:
Ka rubuta Abba, ni zan duba maka lissafin. Kuma Casus Belli ɗin zan sayi guda da kuɗina, in na iske labari mai kyau ni zan ja muku shi da kaina ranar da na zo Kaduna, Baban Ilham ya huta ya zama ɗan wasa ko sau guda.

Baban Ilham:
Wallahi shekara biyu rabona da in riƙe jarumi nawa na kaina, Allah ya kawo ka lafiya Malam. To Asabar bayan la'asar gidan Maman Sultan, kowa ya zo da sabon jarumi mataki na ɗaya. Ummi zan turo miki hoton taswirar kogon gobe ki zana mana babba a kwali, amma ɗakin da ke ƙarshen hagu kar ki saka shi. Abba Dragon ɗinka na nan a mota, Hajiya ta fara duba bangon kafin ta shiga falo.

Ummi Taswira:
To Yaya, ka turo da safe kafin a ɗauke wuta in samu in yi cajin waya. Kwali fari ko ruwan ƙasa?

Baban Ilham:
Ruwan ƙasa, kogo ne.